Soyayyar Farko a Ajin Makaranta: Tarihin Wani Reshe na Zanen Japanawa

A cikin kayan karatun da waya ta shigo da su hannun matasanmu akwai wani nau'in labari da ake bayarwa da zane, wanda Japanawa ke kira manga. Wasu suna karanta shi da Faransanci, wasu da Turanci, wasu da Larabci, gwargwadon harshen makarantar ƙasar da suke zaune. Ana buɗe littafin daga dama zuwa hagu, kamar yadda ake buɗe littafin ajami, kuma kowane shafi an raba shi gida-gida, kowane gida da hotonsa da maganar mutanen da ke ciki. Manga tana da rassa da yawa. Akwai ta faɗa, akwai ta ƙwallo, akwai ta ban tsoro, har da wadda aka yi domin manya kaɗai. Reshen da za mu duba shi ne mafi sanyi a cikinsu: labarin yarinya 'yar shekara 15 ko 16 da ta shiga babbar sakandare, idonta ya faɗa kan wani ɗan ajinsu, ta kwashe watanni tana juya maganar a zuci ta kasa furtawa.

Wanda ya karanta a gurguje zai ce shirmen yara ne, kuma dama an ce ƙuruciya dangin hauka. Sai dai da za a koma Japan ta shekarar 1940, ba za a samu wanda zai iya tsara wannan labari ba. Babu ajin sakandaren da yaro da yarinya ke zama tare, doka ba ta sakar wa budurwa zaɓen miji ba, alƙalamin zane kuwa yana hannun maza. Sai da waɗannan abubuwa suka sauya ɗaya bayan ɗaya kafin labarin ya samu wurin tsayawa, kuma sauyin ya ci shekaru kusan 70.

MAKARANTAR DA TA ƘIRƘIRO BUDURWA MAI KARATU

A shekarar 1899, a zamanin Sarki Meiji, gwamnatin Japan ta kafa dokar da ta ɗora wa kowane lardi buɗe makarantar gaba da firamare ta 'yan mata. Manufarta a fili take, wato a horar da matar aure ta gari kuma uwa mai hikima, shi ya sa ɗinki da kula da gida da ladabi suka samu babban kaso a darussan. Amma dokar ta haifar da abin da ba a shirya masa ba. 'Yar masu hali, wadda a da da zarar ta tasa sai hidimar gida da shirin aure, ta samu shekaru huɗu ko biyar tana tsaka-tsaki. Ta wuce yarinta, ba ta shiga ɗakin miji ba, ga karatu, ga ƙawaye, ga lokacin kanta. Wannan matsayi ne Japanawa suka riƙa nufi da kalmar shojo, kuma daga gare ta reshen manga na 'yan mata ya samo sunansa.

'Yan kasuwar ɗab'i ba su yi jinkiri ba. Mujallar Shojo-kai ta fito a 1902, Shojo no Tomo a 1908, Shojo Gaho a 1912, Shojo Club a 1923. A cikinsu akwai gajerun labarai da hotuna, akwai kuma shafin wasiƙu inda ɗalibai daga garuruwa masu nisa ke gaisawa da juna da sunayen aro. A Shojo Gaho ne marubuciya Yoshiya Nobuko ta fara jerin labaranta na Hana Monogatari a 1916, kowane labari da sunan wani fure, kuma jigonsu shi ne shaƙuwa mai zurfi tsakanin ɗalibai mata da baƙin cikin rabuwa idan makaranta ta ƙare. Saurayi ba shi da gurbi a wannan duniya. Makarantun a rabe suke, kuma hulɗar ɗalibi da ɗaliba abin zargi ce.

Abubuwa biyu na wancan zamani sun tsallako har zuwa yau. Na farko shi ne rigar makaranta mai faffaɗan wuya irin ta sojan ruwa, wadda makarantun 'yan mata suka fara ɗauka a farkon shekarun 1920. Na biyu shi ne manyan idanu. Mai zane Nakahara Jun'ichi, wanda ya riƙa ƙawata bangon Shojo no Tomo a shekarun 1930, ya saba zana 'yan mata sirara masu dara-daran idanu suna kallon nesa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, masu zanen Japan kuwa suka tattara labarin fuskar gaba ɗaya a cikin ido. Hukumomin soja ba su so waɗannan hotuna ba, domin suna ganin ba su dace da ƙasar da ke cikin yaƙi ba, kuma a 1940 aka janye zanensa daga mujallar. Kafin yaƙin ya ƙare, an kwashi ɗalibai mata da yawa daga aji zuwa aikin masana'antu.

SHEKARAR 1947

Japan ta sha kaye a 1945, ta shiga ƙarƙashin mamayar da Amurka ta jagoranta har zuwa 1952. A wannan tsakani aka yi dokoki biyu da suka share wa labarin soyayyar makaranta hanya, ko da yake babu wanda ya yi su da wannan niyya.

Ta farko ita ce sashe na 24 na sabon tsarin mulki, wanda ya fara aiki a watan Mayun 1947. Ya tanadi cewa aure yana tsayuwa ne a kan yardar namiji da mace. A tsohuwar dokar 1898, sai da amincewar shugaban gida, kuma mace 'yar ƙasa da shekara 25 ko namiji ɗan ƙasa da 30 sai da izinin iyaye. Daga cikin waɗanda suka tsara daftarin wannan sashe akwai wata budurwa mai shekara 22, Beate Sirota, wadda ta tashi a Tokiyo ta ga halin da matan ƙasar ke ciki.

Ta biyu ita ce dokar ilimi ta shekarar, wadda ta amince da karatun maza da mata a haɗe, aka kuma tsara shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Wasu larduna na gabas sun riƙe makarantunsu a rabe, amma a yawancin ƙasar yaro da yarinya suka fara zama a aji ɗaya. A 1950 waɗanda ke wucewa babbar sakandare ba su kai rabin masu gama ƙarama ba. A 1974 sun haura kashi 90 cikin 100. Cikin shekara 25, ajin babbar sakandare ya tashi daga gatan 'yan kaɗan ya zama abin da kusan kowane Bajapane ya ratsa, kuma labarin da aka gina a cikinsa ya zama labarin kowa.

Doka takan riga al'ada sauyawa. A ƙarshen shekarun 1930, kusan aure bakwai cikin goma na haɗi ne, ta hannun mai shiga tsakani. A 1959 yarima mai jiran gado, Akihito, ya auri Shoda Michiko, wadda ba jinin sarauta ba ce, bayan sun haɗu a filin wasan tanis a garin Karuizawa, kuma ƙasar gaba ɗaya ta ɗauki auren a matsayin auren soyayya. Duk da haka, sai a rabin ƙarshe na shekarun 1960 ne ƙididdigar hukuma ta nuna auren soyayya ya zarce na haɗi.

ALƘALAMI YA KOMA HANNUN MATA

Manga ta 'yan mata a shekarun 1950 mafi yawanta maza ne ke zanawa, kuma suna yi ne domin 'yan firamare. Tezuka Osamu ya fara Ribon no Kishi a 1953, labarin gimbiyar da aka rena a matsayin yarima a wata ƙasar tatsuniya. Mujallun Nakayoshi da Ribon, waɗanda suka fito a tsakiyar shekarun, sun cika da labaran marayu, da 'yar da aka raba da mahaifiyarta, da masu koyon rawar bale. Editoci suna ƙyamar batun soyayya tsakanin saurayi da budurwa. Mizuno Hideko, ɗaya daga cikin mata ƙalilan da suka kutsa wannan sana'a da wuri, ta fara shigo da shi a farkon shekarun 1960, amma sai ta kai labaranta ƙasashen waje ko duniyar almara, inda za a iya cewa ai al'adar wasu ce.

Fitowar mujallun mako-mako, Shojo Friend da Margaret, ta buƙaci shafuka masu yawa, shafuka kuma suka buƙaci sababbin hannaye. Mujallu suka buɗe gasa, daga baya suka ware shafi na musamman inda masu karatu ke aiko da zanensu a duba, a ba su maki, a buga wanda ya yi fice. Satonaka Machiko tana 'yar shekara 16, tana ɗaliba, ta ci irin wannan gasa a 1964. Nan ne asirin sauyin yake. Mai zanen ta girmi mai karatun da shekara uku ko biyar kacal, jiya-jiya ta fito daga ajin da take zanawa.

Wadda aka fi jingina wa buɗe ƙofar soyayyar makaranta ita ce Nishitani Yoshiko. A 1965 ta fitar da Mary Lou a mujallar Margaret, labarin ɗaliba a wata sakandare ta Amurka. A 1966 ta dawo da labarin gida a cikin Remon to Sakuranbo, inda ɗaliban Japanawa ne, makarantar kuma irin wadda mai karatu ke zuwa kowace safiya. Wannan ya faru ne a daidai shekarun da auren soyayya ke ƙoƙarin wuce na haɗi.

Shekarun 1970 sun kawo zugar mata masu zane da aka haifa wajen 1949, irin su Hagio Moto da Takemiya Keiko da Oshima Yumiko, tare da Ikeda Riyoko, mai labarin juyin juya halin Faransa na 1972 wanda masu kallon talabijin na Larabci da Faransanci suka sani da Lady Oscar. Su manyan jigogi suka fi kamawa, amma sun bar wa reshen soyayyar makaranta kayan aiki. Sun farfasa layukan da ke raba gidajen shafi, suka bar fili fari, suka sa zancen zuci yana yawo a shafin ba tare da an kewaye shi ba. Daga nan manga ta iya zana abin da ba a faɗa ba.

A gefe guda, a mujallar Ribon, Mutsu A-ko da Tabuchi Yumiko da Tachikake Hideko suna gina wani salo mai sauƙi da aka laƙaba wa otomechikku. Jarumarsu ba gimbiya ba ce. Yarinya ce mai kunya, mai yawan tuntuɓe, wadda ke ganin kanta ba kyakkyawa ba, tana saƙa wa wanda take so mayafin wuya ta kasa miƙa masa. A ƙarshe yaron yakan nuna mata cewa yadda take ɗin nan ya fi so. Mujallar tana zuwa da kyautar takardun wasiƙa da 'yan littattafan rubutu masu ɗauke da zanen, har 'yan jami'a suka riƙa saye. Daga wannan salo ne yawancin labaran yau suka gaji ƙashin bayansu.

KALANDAR MAKARANTA ITA CE TSARIN LABARI

Mai karatu daga nesa yakan yi mamakin yadda labaran ke maimaita abubuwa iri ɗaya. Dalili shi ne shekarar karatun Japan ce ke jan ragamarsu. Ana buɗe makaranta a watan Afrilu, lokacin da itatuwan sakura ke fure, don haka haɗuwar farko takan zo ƙarƙashin furanni masu zuba. Ana sauya wuraren zama a aji ta hanyar ƙuri'a, sai ya zama babban al'amari a ga wa zai zauna kusa da wa. Ɗalibai suna cire takalman waje a ƙofa su sa na ciki, kuma akwatin ajiye takalmin nan ne gidan wayar masoya. Ruwan watan Yuni yana kawo shiga laima ɗaya. Hutun zafi yana kawo bikin wasan wuta. Bayansa sai bikin al'adu na makaranta, inda kowane aji ke shirya wasan kwaikwayo ko shagon shayi. Ranar 14 ga Fabrairu yarinya ce ke ba da cakulan, al'adar da kamfanonin alewa suka tallata har ta kafu a shekarun 1970, yaro kuma ya rama ranar 14 ga Maris. A watan Maris ɗin ake yaye ɗalibai, yarinya ta roƙi maɓalli na biyu na rigar yaron, wanda aka ce shi ya fi kusa da zuciya.

Tsakiyar komai shi ne abin da suke kira kokuhaku, wato fitowa fili a furta so. Kafin a kai nan akwai matakai, kuma mafi daɗin ganewa ga Bahaushe shi ne na suna. Ɗaliban Japan suna kiran juna da sunan gida. Kiran mutum da sunansa na yanka alama ce ta kusanci, shi ya sa ranar da yaro ya fara kiran yarinya da sunanta takan cinye babi guda. Wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, mace ba ta kama sunan mijinta, ba ya buƙatar a yi masa bayanin nauyin wannan. Labaran suna tafiya ne da ƙarfin kunya. A Kimi ni Todoke na Shiina Karuho, wanda aka kammala a 2017 cikin juzu'i 30, Sawako yarinya ce da 'yan ajinsu ke tsoro saboda kamarta da wata fatalwar fim, kuma sai da aka ci kusan juzu'i goma kafin ita da Kazehaya su fahimci cewa kowannensu yana son ɗan'uwansa. Kafin nan, abin da ta fara samu shi ne ƙawaye biyu.

Akwai kuma agogo da ke bugawa a bayan labarin. Shekaru uku ne kacal, a ƙarshensu ga jarrabawar shiga jami'a mai tsanani, bayanta ga aikin kamfani mai cinye rayuwa. Dariyar da ke cikin littattafan tana tafe da sanin cewa lokacin gajere ne.

DAGA TOKIYO ZUWA DUNIYA

Kasuwar ta kai ƙololuwa a farkon shekarun 1990. A 1994 mujallar Ribon ta buga kwafi miliyan 2.55 na fitowa ɗaya. A wannan zamani ne Tada Kaoru ta fara Itazura na Kiss, a 1990, labarin Kotoko 'yar ajin baya da ta miƙa wa haziƙin makaranta wasiƙa ya ƙi karɓa, sai gidansu ya rushe suka koma zama gidan abokin mahaifinta, wanda ashe gidan su yaron ne. Son maso wani, an ce, ƙoshin wahala, kuma Kotoko ta ƙoshi. Tada ta rasu a 1999 tana da shekara 38 ba ta ƙarasa labarin ba, amma an mai da shi wasan talabijin a Taiwan a 2005, a Koriya ta Kudu a 2010.

Wanda ya fi yin nisa shi ne Hana Yori Dango na Kamio Yoko, wanda ya fara a Margaret a 1992 ya yi sama da shekara goma, aka buga kwafi fiye da miliyan 60. Tsukushi 'yar talakawa ce a makarantar 'ya'yan attajirai, ta tsaya gaban samari huɗu da ke juya makarantar. Taiwan ta mai da shi Meteor Garden a 2001, Koriya ta Kudu ta mai da shi Boys Over Flowers a 2009. Matasa da yawa a Afirka ta Yamma sun kalli na Koriyar a faifai, suna ɗauka labarin Koriyawa ne, alhali daga alƙalamin wata Bajapaniya ya fito.

Reshen ya ci gaba da yi wa kansa dariya. A Lovely Complex na Nakahara Aya, wanda ya fara a 2001, yarinyar ta kai santimita 172, yaron 156, kuma duk maganarsu da karin harshen yankin Osaka suke yi maimakon daidaitaccen harshen Tokiyo, ba tare da hakan ya hana littafin karɓuwa a faɗin ƙasar ba. A Ore Monogatari na 2011, jarumin ƙaton yaro ne mai ban tsoro a ido, mai taushin zuciya.

ABIN DA AKA CE A KANSA

Japanawa da kansu ba su bar wannan adabi ba tare da suka ba. Mai nazari Fujimoto Yukari, a littafinta na 1998, ta nuna cewa tambayar da ke ƙarƙashin labaran ita ce ina gurbin yarinya yake a duniya, kuma amsar da aka daɗe ana ba ta ita ce gurbinta yana wajen namijin da ya karɓe ta. Wasu sun yi ƙorafin yadda ake ƙawata saurayi mai zafin hannu da isa, kamar Domyoji na Hana Yori Dango, wanda ya fara da cin zalin jarumar kafin ya so ta. Iyaye kuma suna da hujjar duba abin da ke hannun 'ya'yansu, domin sunan manga ya haɗa mai tsabta da wanda ba na yara ba, kuma rayuwar da ake zanawa ta wata al'umma ce mai nata iyakoki.

Akwai kuma abin mamaki a ƙarshen tarihin. A 1950 matsakaicin shekarun auren farko ga mace a Japan 23 ne, yanzu ya haura 29. Haihuwa ta faɗi ƙasa da 800,000 a 2022, mujallun takarda sun ragu ƙwarai, karatu ya koma waya. Ƙasar da ta fi kowa zana soyayyar farko tana fama da ƙarancin aure, kuma daga cikin masu sayen labaran yau akwai manyan mata da suka bar makaranta shekaru da dama.

Mai karatun Hausa ya san irin wannan hanya, ko da ba ta zane ba. Bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da Nijeriya ta ƙaddamar a 1976, an samu zugar matasa masu karanta boko, kuma daga shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suna sahun gaba, masu suka kuma suna biye da su. Babu wanda ya kwaikwayi wani tsakanin Kano da Tokiyo. A wuraren biyu, da aka ba yarinya karatu da 'yan shekaru kafin aure, ta nemi labarin da ya shafi zuciyarta, da ba ta samu wanda ya gamsar da ita ba kuma ta ɗauki alƙalami ta rubuta da kanta.